Tun Ran Gini: Tarihin Yaɓe da Inuwa a Gidajenmu na Karkara

Idan muna karanta tarihin ƙasar Hausa, galibi sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci ne ke cika shafi. Ba kasafai muke tambayar yadda talakan ƙauye ya riƙe gidan da ya gada ba, alhali gidan nan na ƙasa ne, kuma ruwan sama na dukansa wata huɗu ko biyar a kowace shekara. Duk da haka akwai garuruwan da za a nuna mana ɗakin da kaka ya kwana, uba ya kwana, jika ma yake ciki. Abin da ya tsayar da irin wannan ɗaki shi ne aikin da ake maimaitawa duk shekara, da ilimin da ake miƙawa hannu da hannu. Tarihin wannan aiki muke so mu bi, domin a zamaninmu ne yake neman yankewa.

Mu fara da kayan ginin. Kakanninmu ba su sayo komai daga nesa ba. Jar ƙasa ake haƙowa a gefen gari, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya. Ramin da aka haƙa shi ke zama kududdufi, inda ruwan damina ke taruwa, dabbobi su sha, magina su ɗiba. Katangar da aka yi da tubali tana da kauri daga ƙasa, tana sirancewa yayin da take hawa, don ta ɗauki nauyin kanta. Rufin soro kuwa da azara ake yi, wato tsagaggen icen giginya, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Azara ba ta da tsawon da za ta ƙetare babban ɗaki ita kaɗai, shi ya sa magina suka ƙware a bakan gizo, suna jera ta daki-daki cikin ƙasa har ta lanƙwasa ta haɗe a tsakiya. Wanda bai da halin soro yakan yi ɗakin jinka, ya kewaye gidansa da darni na kara ko zana ta gamba.

Matsalar ƙasa ɗaya ce: ruwa. A nan ne hikimar ta fi fitowa fili. Daga kwasfar ɗorawa ake samun makuba, a jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwanta, a shafe katanga, ta yi duhu ta ƙi shan ruwa. Masu hali, musamman a kusa da garuruwan da ke da karofi, suna amfani da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Ke nan sana'o'i uku ne ke taruwa a kan rufin mutum ɗaya: marini, majemi da magini. Sai indararo da ke zubar da ruwan soro nesa da gindin katanga, da dakali da ke tare gindin daga zaizaya. Duk abin da muke gani ado ne a tsohon gini, idan muka duba da kyau, akwai aikin da yake yi.

Wannan kariya ba ta dawwama. Shi ya sa gida yake da lokacinsa a cikin shekara, kamar yadda gona take da nata. Da kaka ta yi, an kai amfani rumbu, sai a tara kara da ciyawa. Da rani ake buga tubali a ta da abin da ya faɗi, domin a lokacin ne hannu ke da sarari kuma rana ke busarwa. Da bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai maigida ya hau soro ya duba tsaga, ya cire ciyawar da ta tsiro, ya share bakin indararo, a yi yaɓe, a sabunta jinka. Mata su ke da daɓe: a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa makuba, su jeru da madaɓi suna bugu tare suna waƙa har daɓen ya yi santsi. Babban aiki da gayya ake yi. Mai gida ya tanadi fura ko tuwo, maƙwabta su zo, gobe shi ma ya je na wani. Da Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, daga abin da yake gani a gidansa ya ɗauko maganar.

Sana'ar gini kanta tana da shugabanci. A masarautu akwai Sarkin Magina, kuma sau da yawa sana'ar gado ce. Sunan da ya fi fice a tarihi shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Abin lura shi ne, dabarun da ya kai ƙololuwa a wannan masallaci su ne dai ƙaramin magini ke amfani da su a zauren mai unguwa: tubali, azara, baka. Ilimi ɗaya ne ya ratsa daga fada zuwa ƙauye.

To, gida bai tsaya a katanga ba. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya hau Dala ya duba gari, cikin abubuwan da ya rubuta har da itatuwan dabino da gwanda da ke tsakanin gidaje. A karkara abin ya fi haka. A ƙofar gida ko dandali akwai cediya ko durumi, inda ake zaman hira da sulhu. A bayan gida akwai 'yar garka ta kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa, ga zogale a jikin darni, ga lalle. Ana dasa aguwa ko bini-da-zugu a matsayin shinge saboda awaki ba sa ci. A gonar da ke kusa da gida kuma ana barin kuka don miya, ɗorawa don daddawa da makuba, tsamiya don kunu, magarya da kurna don 'ya'yansu. Sai gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa ƙarfi. Darajar gawo ta kai ana ba da labarin cewa a Damagaram, a ƙarni na 19, sarki ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. A wurare da yawa ma, mallakar itace dabam take da mallakar gonar da yake ciki, mutum zai iya gadon ɗorawa a gonar wani.

Ko sharar gida ba ta tashi a banza ba. Toka, kashin awaki da na kaji, da abin da tsintsiya ta kwaso duk a juji suke taruwa, da rani a loda a mangala, jaki ya kai gona. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, ya nuna cewa wannan taki, tare da itatuwan da ake bari a gona, shi ya sa ake noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da an bar shi ya huta ba, duk da yawan jama'a. Tsabtar tsakar gida da albarkar gona abu ɗaya ne.

Sauyi ya fara da zuwan Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Kuɗi ya shiga hannun manomi, kwanon rufi ya fara hawowa daga kudu. Kwano ya zo da alkawari mai daɗi: ka rufa sau ɗaya ka huta da hawa soro duk bazara. Sannu a hankali ya zama alamar arziki, har ana auna ci gaban gari da yawan rufin da ke ƙyalli. A wannan zamani ne kuma duba-gari ya bayyana, yana shiga gida yana leƙa randa da kwata, yana cin tara. Tsabtar da a da ido da bakin maƙwabta ke kula da ita ta koma abin da hukuma ke tilastawa.

Itacen da ya fi sauya kamannin garuruwanmu ma a lokacin ya zo. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu bedi, asalinta daga yankin Indiya take. Ta biyo ta Gana, aka fara dasa ta a Borno a 1928, daga nan ta bazu. Tana girma da wuri, tana jure fari, tana ba da inuwa da rani, ganyenta kuma ya shiga cikin magungunan gida. Yau da wuya a sami ƙauyen da babu ita, har yaranmu na ɗauka tun fil'azal take nan. Amma ba a miya da ita, ba ta ba da makuba. Inda ta maye gurbin ɗorawa da kuka, an sami inuwa, an rasa abinci da kayan yaɓe.

A ɓangaren Nijar, dokar daji ta Faransa ta 1935 ta sa itatuwa masu daraja a ƙarƙashin hukuma. Manomi na iya shan tara a kan itacen da ke cikin gonarsa. Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne: mutum ba ya rainon abin da ba nasa ba. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, filaye da yawa sun zama fayau, iska na kwasar ƙasa tana binne shuka.

Bayan 'yancin kai siminti ya samu a gida. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a shekarun 1960, na Ashaka ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya cika gari. Bulo ya zama burin kowa. Wanda bai iya ginin bulo ba sai ya shafe katangar ƙasa da siminti. Magina sun san illar wannan: siminti da ƙasa ba sa riƙe juna, idan ya tsage ruwa ya shiga ta baya ba ya samun hanyar fita, katanga ta riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da za ta zube gaba ɗaya.

Babban rashi kuwa na hannu ne. Gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke noma tare su ci tare, shi ke samar da masu yaɓe. Polly Hill, da ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa gandu ba ya cika ɗorewa tsakanin 'yan'uwa bayan rasuwar uba. Daga baya cin rani ya ƙara tsawo. Watannin da ake gyaran gida su ne watannin da samari ke Legas ko Abuja ko Agadas suna neman kuɗi. Gayya ta koma aikin lada, giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, kududdufai kuma aka cike su aka yi filoti, ruwa ya rasa wurin zuwa. Don haka idan muka ji labarin gidajen ƙasa da suka rufta a ambaliya irin ta Jigawa a 2022, ya kamata tare da yawan ruwa mu tambayi yaushe rabon katangar da yaɓe, kuma ina ruwan unguwar yake bi a da.

Tarihin bai ƙare da asara ba. A Yama, wani ƙauye a jihar Tawa, wani manomi kuma magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari na kawo tubali da ruwa da itace. Daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi, a 1986 kuma ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gine-gine a duniya. A Dandaji, a jihar Tawa ɗin dai, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. A jihar Maraɗi kuma, daga 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka farfaɗo da dabarar barin tohon kututture: maimakon a sassabe shi, a zaɓi reshe mai ƙarfi a gyara shi ya zama itace. Da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwa, manoma suka tabbata abin da suka raina nasu ne, sai dabarar ta bazu. Ana ƙiyasta cewa ta kai kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Waɗannan misalai suna nuna mana abu ɗaya. Gida da itacensa suna tsayawa ne idan akwai wanda ya san nasa ne, ya san aikin, kuma yana nan a lokacin da aikin ya zo. Ba muna cewa kowa ya rushe bulo ya koma tubali ba. Kwano ya raba mutane da yawa da yoyo da gobarar jinka, kuma babu laifi mutum ya so sauƙi. Amma duk wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, sannan ya shiga zauren ƙasa da tsakar rana, ya san abin da aka bayar aka karɓi sauƙin.

Da yawa daga cikinmu muna birni, gidan gado na ƙauye, muna tunawa da shi ne da salla ko rasuwa. Idan za mu aika kuɗi, mu aika kafin bazara, a biya magini ya duba soro da gindin katanga, a buɗe hanyar ruwa. Idan za a dasa itace, a haɗa darbejiya da ɗorawa ko kuka, ko da ba mu ne za mu ci 'ya'yansu ba. Idan kuma akwai tsohon magini a garinmu da ya san haɗin laso da ɗaurin azara, mu sa yaro a bayansa, mu ɗauki bayaninsa da wayar da ke hannunmu tun yana da rai. Magabata sun ce tun ran gini, ran zane. Su sun yi ginin, sun kuma yaɓe shi shekara bayan shekara har ya iso gare mu. Yaɓen bana namu ne.