MUƘALAR MAKO: Tarihin da ke Kwance a Kara



Makarantu kan kwashi ɗalibai a mota su kai su kasuwar dabbobi ziyarar wuni ɗaya, ko Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis. Sai a ɗauki hoton bijimai da ragunan layya, a tambayi farashi, a dawo gida kafin magariba. Abin da ya fi shanun muhimmanci kuwa, wato yadda amana ta riƙe wannan fatauci shekara da shekaru, ba kasafai ake waiwayarsa ba.

A ƙasashen Turawa gwanjo ake yi: mai shela ya kira kuɗi, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A kara kuwa dillali ne a tsakiya. Mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, har a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Shi ne kuma shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce.

Wannan tsari yana da dalili. Shanunmu ba sa jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa musu a kurmi. Saboda haka kiwo na Arewa, manyan masu sayen nama kuma na Kudu. Da ƙafa ake kora garke makonni, har jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka fara loda wasu a taragu. Falken da ya isa kurmi dole ya sayar da wuri, tun shanu ba su rame ba, alhali mahauta ba su da kuɗi a hannu. Mafita ita ce bashi.

To wa zai ba wanda bai sani ba bashi, a garin da ba ya jin yarensu? Nan maigida ya shigo. A Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, maigida ne ke sauke falke, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillalansa, ya kuma tsaya masa idan mahauci ya ƙi biya. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960. Ya tarar ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a kasuwar Ibadan, akasari bashi, ba takarda ba sa hannu. Jarin maigida sunansa ne. Ranar da ya ci amana, baƙinsa sun koma gidan wani.

Sana'ar ta sha wuya. Ciwon bushiya ya share garkuna wajen 1890, ya sake dawowa a 1983, kuma sai a 2011 aka sanar da kawar da shi daga duniya. Ga jangali, da makiyaya suka daɗe suna biya a kan kowace saniya, wanda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke a Kano a 1979. Duk da haka kara ba ta watse ba.

Yau tirela ta maye gurbin sanda, kuɗi na tafiya ta waya. Dattawan da suka taka sayyadarsu zuwa kurmi suna ta ƙarewa, labarinsu na binsu kabari. Mu kuma a littattafanmu, da mun ce "Alhaji mai fataucin shanu ne" shi ke nan, sai mu wuce zuwa falonsa da motocinsa.

Duk wanda ya sami damar bin ɗalibai kara, ya nemi rumfar tsofaffin dillalai ya durƙusa ya gaishe su. Ya ce, "Baba, wane ne maigidanku a kurmi, kuma wa ya taɓa gudu da kuɗinku?" Ya buɗe littafinsa, ya bar su su yi magana.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.