Kwabo Mai Huji

Ranar da muke kwashe kayan kakata bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, a ƙasan adudu na tsinci wani tsohon kwabo mai huji. Da irinsa kakanmu yake tashi daga Kano ya saro goro a Kumasi ya dawo, ba ruwansa da ɗan canji.

A 1912 Turawan Ingila suka kafa hukuma guda mai buga wa Nijeriya, Saliyo, Gambiya da ƙasar da yau ake kira Gana kuɗi iri ɗaya. Ba don son mu suka yi ba fa, cinikinsu suke gyarawa, ajiyar kuɗin ma a Landan take. Amma fatake sun mora.

Da maganar 'yanci ta taso sai kowa ya ja nasa, Gana a 1958, mu a 1959, naira kuma ta zo a 1973. An kafa ECOWAS a 1975, aka yi ta alkawarin kuɗin bai ɗaya, har suna aka raɗa masa, wai Eco. Aka sa 2020, ta zo ta wuce shiru.

Ni kuwa duk sanda na aika littattafaina Maraɗi, nan kusa, sai ɗan canji ya yanki rabonsa a sefar kafin sauran ya iso hannuna.