Auna Cajin Tantanin Sinaftosom da Rini Mai Ƙyalli: Matsalar Mitokondiriya

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ake auna bambancin caji tsakanin ciki da wajen bakin jijiyar ƙwaƙwalwa ta hanyar rini. Ta nuna cewa ƙyallin da na'ura ke karantawa daga tantani biyu yake fitowa, na waje da na mitokondiriya, don haka sai an rarrabe su kafin a amince da sakamako.

1.0 Gabatarwa

A 1962 Gray da Whittaker a Ingila, da De Robertis a Ajantina, suka nuna cewa idan aka niƙa ƙwaƙwalwa a ruwan sukari, bakin jijiya yakan tsinke ya rufe kansa, da mitokondiriyarsa a ciki. Wannan 'yar jaka ita aka raɗa wa suna sinaftosom a 1964. Faɗinta bai cika wuce maikiromita 1 ba, saboda haka allurar lantarki ba ta shigarta yadda take shiga babbar ƙwayar jijiya. Dalilin komawa ga rini ke nan.

2.0 Yadda Rinin Ke Aiki

Blaustein da Goldring (1975) sun yi amfani da rinin diO-C5-(3), suka tabbatar cewa fotasiyam ne ke riƙe da cajin tantanin sinaftosom. Rinin wannan rukuni, kamar diS-C3-(5), caji mai kyau yake ɗauke da shi, don haka cikin jakar mai kishiyar caji yakan zuƙe shi. Idan ya cunkushe a ciki, ƙyallinsa ya dushe. Da zarar an ƙara fotasiyam a waje, ko aka buɗe ƙofofin sodiyam da veratridine, sai rinin ya fito, ƙyalli ya ƙaru. Tetrodotoxin yana hana aikin veratridine, abin da ke shaida cewa ƙofofin sodiyam ɗin ne suka buɗe.

3.0 Tattaunawa

Rinin ba ya tsayawa a tantanin waje. Yakan zarce cikin mitokondiriya. Scott da Nicholls (1980) sun ƙiyasta cajin tantanin waje a kusan -45 mV, na mitokondiriya kuwa kusan -150 mV. Bisa lissafin Nernst, kowane 61.5 mV a zafin 37°C na ninka taruwar rini sau 10. Ke nan tantanin waje zai tara shi kusan sau 5, mitokondiriya ta sake ninka wannan kusan sau 300. Duk maganin da ya raunana mitokondiriya zai saki rini mai yawa, mai bincike ya zaci tantanin waje ne ya motsa.

Matakai uku ne ke rage wannan ruɗani. Na farko, a rushe cajin mitokondiriya da rotenone haɗe da oligomycin, a ga abin da ya saura. Na biyu, a maimaita gwajin da rini mai kishiyar caji, irin DiBAC4(3), wanda mitokondiriya ba ta tarawa sosai. Na uku, a daidaita ma'auni da matakan fotasiyam sanannu. A nan akwai buƙatar lura, domin valinomycin da ake yawan sawa wajen daidaitawa yakan haɗe da rinin oxonol, irin DiBAC4(3), ya ɓata karatu. Yawan rinin ma a taƙaita shi, tunda diS-C3-(5) kansa na danne numfashin mitokondiriya.

4.0 Kammalawa

Rini na nuna alƙiblar sauyin caji cikin sauƙi da araha, amma ba ya bayar da adadin mV da kansa. Maƙalar na ba da shawarar kowane rahoto ya bayyana yawan rini, yawan furotin, da yadda aka ware gudummawar mitokondiriya, domin a iya kwatanta sakamakon ɗakunan bincike daban-daban.