3.2 Kufan Turunku da Matsalar Zamanin Sarauniya Amina

Kamar yadda aka nuna a babin da ya gabata, Turunku tana cikin wuraren da sarautar Zazzau ta zauna kafin ta koma birnin Zariya. A yau Turunku ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Igabi, sai dai garin da ake hada-hada a cikinsa daban ne da tsohon mazaunin da ke jikin duwatsu, wanda ya kusa zama kufai baki ɗaya. Mai tasowa daga Kakuri sai ya haye kogin Kaduna, ya kama hanyar Zariya, sannan ya ratse.

Abin da mai wannan bincike ya tarar a wurin bai wuce ragowar ganuwa da ta zaizaye ba, da ramukan niƙa a kan falalen dutse, da tsingaron tukwane a cikin gonaki. Mazauna yankin sukan nuna wasu wurare su ce na Amina ne. Ya kamata a karɓi irin wannan da taka-tsantsan, domin sunanta ya yi nauyin da kan jawo kowane tsohon abu zuwa gare ta.

Babbar matsalar ita ce ta zamani. Jerin sarakunan Zazzau ya sanya hawan Bakwa Turunku a wajen shekarar 1536, kuma a bisa wannan lissafi ne ake cewa Amina ta hau mulki a 1576. Amma Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda (1421–1438). Tazarar ta haura shekara 130, ke nan ba kuskuren mai kwafe ba ne kurum. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin yaƙe-yaƙenta a Infaƙul Maisuri, amma bai warware wannan saɓani ba.

A ganin mai bincike, rubuce-rubucen nan sun faɗi iya abin da za su iya faɗa. Ragowar hujja tana cikin ƙasar Turunku, a gindin ganuwa da jujin mutanen da, inda gawayi zai iya ba da shekaru idan masana kimiyyar kufai suka haƙa suka auna. Kowace damina kuwa ruwa da garma suna ƙara cin abin da ya saura na ganuwar.