Baƙon da Ya Cinye 'Yan Gida a Tsibirin Mariya

Tsibirin Mariya da ke gabashin Tasmaniya ya saba da baƙin dole. A 1825 Turawan Ingila suka fara tsare fursunoni a can.

A 2012 aka kawo wani baƙon: dabbar da ake kira shaiɗanin Tasmaniya, mai goyon 'ya'yanta a jakar ciki. Ciwon dajin fuska, wanda aka fara gani a 1996, yana neman ƙarar da ita, shi ya sa aka nema mata mafaka. Ta saba cin mushe, amma a tsibirin sai ta tarar da ƙananan tsuntsayen fengwin suna sheƙa a ramuka, ba mai kare su. Banza ta faɗi. Zuwa 2021, tsuntsayen nan kusan 6,000 sun ɓace daga tsibirin.