Cibiyar Nazarin Makamashi ta Zariya da Tukunyarta ta Nukiliya

Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, wadda aka fi sani da CERT, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Tushenta yana komawa ga Doka ta 46 ta shekarar 1976, wadda ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Bayan dokar ne aka ɗora wa jami'o'i biyu, ta Zariya da ta Ile-Ife, nauyin horar da masana a wannan fanni.

Shekaru da dama cibiyar ta yi tana tara malamai da kayan aiki kafin ta samu abin da ya ɗaukaka sunanta. Da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, Sin ta samar mata da ƙaramar tukunyar nukiliya mai ƙarfin kilowat 30, aka raɗa mata suna NIRR-1. Ta fara aiki a watan Fabrairun 2004, kuma ita ce ta farko a Nijeriya.

Babban aikin tukunyar shi ne gano sinadaran da ke cikin abu. Akan sa ɗan samfurin ƙasar noma ko dutse ko hatsi a ƙaramin kwanso, a tura shi da iska zuwa cikin tukunyar. Can zuciyar ƙwayar zarra takan haɗiye niyutron, ta rasa natsuwa, sai ta rikiɗe ta hanyar rushewar beta: ta saki ilektron da abokin tafiyarsa, antiniyutrino. Hasken gamma da ke biyo baya shi ke tona sunan sinadarin da yawansa.

 

A 2018 aka sauya wa NIRR-1 makamashi. Aka cire yuraniyam mai tacewar kusan kashi 90 cikin ɗari aka mayar da shi Sin, aka sa mai kashi 13, wanda ba a ƙera makami da shi. Har yau cibiyar tana horar da ɗalibai tare da yi wa masu binciken ma'adinai, noma da muhalli hidima.