Kuɗin Gani: Nazarin Zaɓuɓɓukan Gano Kuskure na Kanel ɗin Linux a Ƙananan Furosesocin ARM

Tsakure

Wannan maƙala ta duba zaɓuɓɓukan gano kuskure na kanel ɗin Linux ta fuskar kwamfutocin da ake dasawa cikin kayan aiki, irin su rawuta da injunan masana'antu. An ɗauki allon BeagleBone Black a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa babu zaɓin da ake samu kyauta: wani yana cin lokaci, wani ma'adana, wani kuma yana ɗaure kanel ga allo guda. Saboda haka, matakin da na'ura ke mutuwa a kai shi ya kamata ya yanke abin da za a kunna.

Gabatarwa

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Idan ƙaramar manhaja ta faɗi, kanel ne ke ba da labari. Idan kuma shi ya faɗi, ba mai ba da labarinsa sai abin da aka tanada tun wajen harhaɗa shi. Yawancin tanadin yana ƙarƙashin sashen Kernel hacking na tsarin Kconfig. Kayan ba su taru a rana ɗaya ba. A shekarar 2000 Linus Torvalds ya fito fili ya ƙi a saka manhajar tsayar da kanel don bincike, sai a 2008 KGDB ya shiga zubi na 2.6.26 ta hannun Jason Wessel, KDB ya biyo baya a 2010 cikin 2.6.35.

Nazarin ya dogara da bayanan Kconfig, da takardun da ke cikin tushen kanel, da lissafi kan allon da aka zaɓa. BeagleBone Black ya fito a 2013 da furosesa AM335x na kamfanin Texas Instruments, mai ƙwaya ɗaya ta Cortex-A8, gudun gigahaz 1, da RAM mai megabait 512.

Kafin kanel ya iya magana

Mai tayar da sabon allo ya san wannan yanayi. Ya soka wayar siriyal mai ƙarfin bolt 3.3 a ƙusoshi shida na J1, U-Boot, manhajar da ke tayar da kanel, ya rubuta "Starting kernel ...", daga nan tsit. Kanel ya mutu tun direban siriyal bai tashi ba, saƙonninsa suna kwance a ma'adana ba mai karantawa.

Tsohon maganin a ARM mai bit 32 shi ne CONFIG_DEBUG_LL tare da CONFIG_EARLY_PRINTK. A nan ana dinƙe adireshin UART cikin jikin kanel, wanda a AM335x shi ne 0x44E09000, yadda ko umarnin farko-farko zai iya jefa harafi kan waya. Amma tun zubi na 3.7, a 2012, aka fara harhaɗa kanel guda da zai tashi a alluna iri-iri, kuma DEBUG_LL yana rusa hakan. Kai kanel mai DEBUG_LL wani allo, zai yi rubutu a adireshin da ba UART ba ne, ya ƙame. Maganin ya zama ciwon ke nan, kuma alamarsu ɗaya: shiru. Shi kuwa earlycon yana karanta stdout-path daga bishiyar na'urori, wato bayanin kayan da ke kan allon, don haka bai ɗaure kanel ga allo ba, sai dai ba ya ganin abin da ya faru kafin a karanta bishiyar. A ganin marubucin, da earlycon ake farawa. Sai ya yi shiru ake komawa ga DEBUG_LL, a kuma kashe shi ranar da allon ya tashi.

Lokacin da saƙo ke ci

Nan ne aka fi yin sakaci. Layin siriyal mai gudun 115200 yana kashe bit 10 kan kowane harafi, wato haruffa 11,520 a daƙiƙa. Layi ɗaya mai haruffa 80 zai ci kusan milisakan 7. A furosesa mai gigahaz 1, wannan bugu miliyan bakwai ne na agogo. A tsarin da aka daɗe a kai, direban siriyal yana fitar da saƙon printk ne alhali an toshe katsalandan ɗin na'urori, sauran aiki na jira.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga masu aikin: direba na faɗuwa saboda ayyuka biyu na rige-rigen taɓa wuri guda, injiniya ya zuba printk don ya gani, kuskuren ya ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Bai warke ba, jinkirin ne ya raba masu rige-rigen. Don irin wannan, ftrace na Steven Rostedt, wanda ya shiga 2.6.27 a 2008, ya fi dacewa, domin yana zuba bayanansa a wani zoben ma'adana a karanta daga baya. CONFIG_DYNAMIC_DEBUG kuma yana barin saƙonni a kashe har sai an kunna na fayil guda ko layi guda.

Lockdep na Ingo Molnar, wanda ake kunnawa da CONFIG_PROVE_LOCKING tun 2.6.18 a 2006, yana da nauyi, amma aikinsa daban ne. Ba ya jiran ayyuka su yi cirko-cirko kan makullai. Jerin yadda ake ɗaukar makullan yake lura da shi, ya yi ƙara da zarar ya ga jeri biyu sun saɓa. Wannan ya sa yake da amfani ko a allo mai ƙwaya ɗaya, inda zai tona cirko-cirkon da sai a allo mai ƙwaya huɗu zai auku.

Ma'adana

Mutane da yawa na tsoron CONFIG_DEBUG_INFO a banza. Bayanan DWARF da yake ƙarawa suna zama ne a fayil ɗin vmlinux kan kwamfutar injiniya, ba sa bin zImage zuwa allo. Inda yake cizo shi ne modul, waɗanda ke kumbura idan ba a saka INSTALL_MOD_STRIP=1 ba. A ajiye vmlinux na kowane zubi da aka fitar, domin in babu shi adireshin da ke cikin rahoton faɗuwa lambobi ne kawai.

KASAN, mai kama kurakuran taɓa ma'adana, shi kam da gaske yake ci. Ya shiga kanel a 2015, amma sai a 2021, cikin 5.11, ya iso ARM mai bit 32. Kowane bait takwas yana da bait ɗaya na inuwa da ke lura da shi, wato kashi ɗaya cikin takwas: kimanin megabait 64 a allonmu, ban da jinkirin duba kowace taɓawa. Wurinsa teburin gwaji. KFENCE, da ya shigo a 5.12, ɗauki-ɗai-ɗai yake yi: abubuwa 255 kawai yake gadi a lokaci guda, cikin kusan megabait 2, yana zaɓen sabo duk milisakan 100. A allo ɗaya zai iya daɗewa bai kama komai ba. Ƙarfinsa na fitowa ne idan na'urori dubbai suna aiki watanni.

Tsayar da kanel, da abin da ake bari a fili

Ana kunna KGDB da kgdboc=ttyS0,115200, a ƙara kgdbwait in ana son ya jira tun farko. Tarkonsa agogon gadi ne: da an tsayar da furosesa ba mai shafa wa agogon kai, sai ya ɗauka na'urar ta ƙame ya sake tayar da ita, injiniya na tsakiyar karatu. Mai son JTAG a wannan allo kuwa sai ya ɗauko dalma, domin mazaunin ƙusoshinsa a ƙasan allon fanko yake zuwa.

Na'urar da za ta bar ɗakin gwaji ba ta bukatar KGDB, don duk mai wayar siriyal zai iya karanta ma'adanarta. Magic SysRq ta siriyal ma abin dubawa ne: bayanin CONFIG_MAGIC_SYSRQ_SERIAL da kansa ya yi gargaɗin cewa ƙusar da aka bari a sake na iya tsintar hayaniyar lantarki, kanel ya ɗauka umarni ne.

Abin da ya cancanci bin na'ura fili shi ne CONFIG_KALLSYMS, don rahoto ya zo da sunaye, da ramoops ta CONFIG_PSTORE_RAM. Ana keɓe wani yanki na RAM a bishiyar na'urori, kanel ya rubuta wasiyyarsa a ciki yayin faɗuwa, a same ta a /sys/fs/pstore bayan an tashi, muddin U-Boot bai taka wurin ba. Sharaɗin shi ne wuta ba ta yanke ba. Ma'aikacin da ya tarar da na'ura a ƙame, abin da hannunsa zai fara yi shi ne zare fulogi ya mayar, kuma da wannan shaidar ta tafi. Saka panic=10 a layin tayarwa yana sa kanel ya sake tashi da kansa daƙiƙa 10 bayan faɗuwa, tun ma'aikacin bai ƙaraso ba.